Sarki a Cikin Keji: Karatun Hotunan Fadar Borno na Manjo Denham

Da wuya a sami malamin da ya taɓa koyar da tarihin Kanem-Borno bai ci karo da wasu hotuna biyu ba. Na farko barde ne a kan doki, sanye da sulke tun daga wuya har gwiwa, da mashi a hannunsa. Na biyu kuwa taron fadawa ne zaune a ƙasa, kowa da rawani kamar tulu, can ƙurya ga sarki cikin wata rumfa mai sanduna da ta yi kama da kejin tsuntsu. Hotunan nan sun yi yawo a littattafan lakwal na Faransanci da na Ingilishi, sun hau bangon mujallu, yau kuma suna watse a intanet. Yawanci abin da ake rubutawa a ƙarƙashinsu bai wuce kalma uku ko huɗu ba, sai ka ce na'urar ɗaukar hoto ce ta ɗauke su. Alhali kuwa an buga su ne shekara 13 kafin a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a 1839. Hannun mutum ne ya zana su, mutumin kuma soja ne, baƙo, mai buƙata a wurin wanda ya sauke shi.

Asalinsu littafin tafiya ne da kamfanin John Murray ya buga a Landan a 1826, labarin ayarin da gwamnatin Ingila ta aiko ƙasar Borno daga 1822 zuwa 1824. A wannan shekara ta 1826 aka fassara shi zuwa Faransanci a Paris, tare da kundin hotuna da taswirori. Turawa uku ne shugabannin ayarin: Manjo Dixon Denham na sojan ƙasa, Hugh Clapperton na sojan ruwa, da likita Walter Oudney. Sun taso daga Tarabulus, suka bar Murzuk a ƙarshen Nuwamba 1822 tare da wani babban ɗan kasuwar Fazzan, Bu Khulum, da mayaƙansa Larabawa. Hanyar da suka biyo ta ratsa gabashin Nijar ta yau: Kawar, Bilma, Agadem, har suka hango tafkin Cadi ranar 4 ga Fabrairu 1823. Ranar 17 ga watan suka shiga Kukawa. Denham, wanda mutanen ƙasar suka sani da Rayis Halil, shi ne ya zana mafi yawan hotunan.

Wajibi ne a fara da yadda ake yin irin wannan hoto, domin a nan ne mai kallo ke fara ruɗuwa. Hafsoshin Turai na wancan zamani ana koya musu zane kamar yadda ake koya musu harbi, saboda kwamanda na buƙatar wanda zai zayyana masa tudu da kwari da ganuwar abokan gaba. Denham ya yi yaƙi da rundunar Napoleon a Sifen da Fotugal, ya kuma zo Borno da wannan horo. Abin da yake yi a fagen tafiya zanen gaggawa ne a takarda. Da aka koma Landan sai takardun suka shiga hannun Edward Finden, gwanin sassaƙa hoto a kan farantin ƙarfe, wanda bai taɓa taka ƙasar Afirka ta tsakiya ba. Shi ne ya cike gurabun da zanen gaggawa ya bari: lanƙwasar riga, inuwar fuska, tsayuwar doki, gajimaren sama. Bayansa akwai mai ɗab'i, wanda ke zaɓen abin da zai ja hankalin mai saye. Hoton da ɗalibi yake kallo a Damagaram ko Tawa ya bi ta hannu uku ke nan, biyu daga ciki ba su san ƙamshin ƙasar Borno ba. Shi ya sa dawakin littafin suke da siririn wuya da ɗagaggiyar ƙafa irin ta dawakin zanen Ingila, kuma mayaƙin Kanembu mai mashi da garkuwa ya tsaya tsayuwar gunkin Girka.

Duk da haka, inda idon soja ya sauka kan kayan yaƙi, a nan aikin Denham yake da ƙarfi, kuma babu dalilin rage masa wannan. Ya lura sulken a tsage yake ta baya don ya sauko gefe biyu na dokin. Ya lura da kwalkwalin ƙarfe mai maɗaurin haɓa, da farantan ƙarfe da tagulla da azurfa masu kare fuskar doki. A hoton barden Bagarmi ya nuna lifidi ya rufe doki da mahayi, ɗinkin audugar a fili. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Damagaram ranar hawan salla ya ga ƴan lifida sun fito, zai gane kayan nan ba tare da an yi masa bayani ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Kukawa, sarautu irin su Kacalla ma daga can suka zo. Ga mai binciken tarihin makamai da ɗinki, waɗannan faranti shaida ce mai daraja.

Matsalar tana cikin abin da hoton ya cire. A rubutunsa Denham ya ba da labarin dubban mahaya jere a sahu, waɗanda suka sako dawaki a guje har gab da baƙin, suka ja linzami, suka kewaye su, suka matse su har numfashi ya yi wuya. Bahaushe ya san wannan da sunan jahi, ya kuma san cewa gaisuwa ce mai ɗauke da gargaɗi, musamman ga Larabawan Bu Khulum da suka zo da bindigogi. Hoton bai ɗauko ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya zare barde guda daga cikin dubbai, ya tsayar da shi shi kaɗai a fili, kamar yadda masana tsirrai ke zana ganye guda a farar takarda. Bai kuma gaya wa mai kallo ko wane ne mutumin ba. Manyan mayaƙan Shehu da yawa bayi ne da jaruntaka ta ɗaukaka. Babbansu, Barka Gana, wanda ya tarbi ayarin a wannan rana, Denham da kansa ya ce tun yana yaro ya shigo hannun Shehu daga ƙasar Sudan, sunan da mutanen Borno da Larabawa ke kiran ƙasar Hausa da shi. Tsarin mulki guda ne ke tsaye a bayan wannan sulke, wanda bawa ke jan runduna ɗa yana bin sa, amma hoton ya mayar da shi tallar tufafi.

Hoton fadar Mai shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa. A farkon Maris 1823 aka kai baƙin Birni, sabon garin da aka gina wa sarakunan Sayfawa kusa da Ngurno bayan da mayaƙan jihadi suka ci tsohuwar Ngazargamu a 1808. Mai Ibrahim ne ke kan gado. Daren da suka sauka ya aiko musu da akushi 70 na abinci. Da hantsi aka kira su. Denham ya ƙiyasta fadawa tsakanin 260 da 300, sun sauka daga dawakinsu sun zauna a ƙasa, sun ba sarki baya. Ya ce kowannensu ya jibga riguna takwas, goma, har sha biyu, wanda ba shi da tumbi ya cusa auduga, kai kuma ya sha naɗi har ya rinjayi jiki. Ga sanƙira yana kwarara kirari da jerin kakannin sarki, kusa da shi mai famfami yana busawa lokaci lokaci. Sarki kuwa yana cikin rumfarsa ta sanduna kusa da ƙofar lambunsa, ana hango shi ta tsakanin sandunan. Denham ya bayyana abin duka a matsayin abin dariya, ya kira rumfar keji, Finden kuma ya sassaƙa keji.

Kalmar nan guda ita ta ɗaure hoton har yau. Mai kallon Landan ya ga sarki a kurkuku, ɗalibin yau ma abin da yake gani ke nan idan ba a tsayar da shi ba. Amma shamaki tsakanin Mai da jama'a ya girmi zuwan Denham da ƙarnoni. Al-Umari, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 14, ya ambaci cewa sarkin Kanem ba ya bayyana ga mutane sai a idi biyu. Ibn Battuta, da ya sauka Takadda a yankin Agadas a 1353, ya ji labarin sarkin Borno mai suna Idris wanda ba ya yi wa mutane magana sai ta bayan labule. Rumfar da Barebari ke kira fanadir gadon wannan al'ada ce. Ma'anarta ita ce sarki ya fi ƙarfin ido. Juya baya ma ladabi ne daga wannan tushe, ɗan uwan sunkuyar da kai da zuba ƙasa a ka, domin talaka ba ya ƙura wa sarki ido. Tulin riguna kuwa, duk wanda ya san darajar tufa a ƙasashen nan kafin zuwan yadin kanti ya san cewa dukiya ce ake sanyawa a jiki, kuma riga kyautar sarki ce: yawan rigunan bafade lissafin yardar da ya samu ne. Amawalin da sarakunan Hausa ke rufe baki da shi har gobe, da sanƙiran da ke maimaita maganar sarki da ƙarfi don kada a ji muryarsa kai tsaye, duk daga rijiya ɗaya suke sha.

Abin da ya sa hoton ke da wuyar warwarewa shi ne Denham ya yi gaskiya a hukuncinsa, ya yi kuskure a hujjarsa. Gaskiya ne Mai Ibrahim ba shi da iko. Mulki na hannun Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, malamin da aka haifa a Fazzan, wanda Mai Dunama ya nemi taimakonsa bayan faɗuwar Ngazargamu, ya gina Kukawa a 1814, ya zama shi ke naɗa Mai. To amma ba sandunan rumfa ne shaidar wannan rauni ba, tun da shamakin yana nan lokacin da sunan Mai ke girgiza Sahara. Raunin yana wurin da hoto ba ya iya nunawa: wa ke karɓar haraji, wa ke da bindigogi, wa baƙi suka fara gani. Kwana goma sha wani abu suka yi a Kukawa kafin a ba su izinin zuwa Birni. Fadawan nan masu manyan rawuna mutane ne da suka rasa birninsu shekara 15 da suka wuce, suka riƙe abin da ya rage musu, wato tsarin zama da kirari da famfami, wanda Denham ya lura cewa na sarauta ne kaɗai, Shehu da duk ƙarfinsa ba a busa masa. A 1846 Shehu Umar, ɗan al-Kanemi, ya kashe Mai Ibrahim bisa zargin haɗa kai da Wadai, ɗansa Ali ya faɗi a fagen yaƙi, daular Sayfawa ta ƙare. Saboda haka farantin nan, duk da izgilin da ke cikinsa, hoton fadar Sayfawa ne daga wanda ya zauna a gabanta shekara 23 kafin ta shuɗe. Darajarsa ke nan, kuma ita ce dalilin da ya sa rashin fahimtarsa ke da ciwo.

A buɗe littafin daga farko, hoton da ke fuskantar shafin suna na Shehu al-Kanemi ne, zaune shi kaɗai cikin natsuwa. Denham ya ce ya same shi a wani ƙaramin ɗaki mai duhu, a kan darduma, da shuɗiyar riga ta ƙasar Hausa da rawani marar ado, dogarai biyu a kowane gefe riƙe da ƙananan bindigogi. Ya ƙiyasta shekarunsa 45 ko 46. A nan alƙalamin Denham ya yi laushi, na Finden ma haka: fuskar tana da kwarjini da hankali. Mai karatu na iya tambayar dalili. Shehu ne mai masaukinsu, shi ke ba da izinin kowace tafiya, shi ke ciyar da su. Denham ya harba masa rokoki don burge jama'a, kafintan ayarin, William Hillman, ya yi wa igwoginsa biyu karusa, aka yi aiki da su a yaƙin Ngala da Bagarmi a Maris 1824. Bayan haka, shugaba mai sauƙin tufafi, mai tambaya kan makamai da taswira, shi ne irin shugaban da hafsan Ingila zai gane ya yaba. Abin da ya kuɓuce masa shi ne sauƙin nan ma ado ne. Mutumin da ya yi muhawara da Muhammadu Bello ta wasiƙu kan halaccin jihadi a Borno ya san sarai abin da yake faɗa da shuɗiyar rigarsa: shi malami ne, bai ƙwace gadon kowa ba, bai ma karɓi sunan Mai ba. Denham ya ɗauki fadar Birni wasan kwaikwayo, ta Kukawa kuma zahiri, alhali kowacce tana magana da harshen tufafi. Tsauraran hukunce-hukuncen da ya ce Shehu ya yanke wa wasu matan Kukawa suna cikin rubutu, ba su sami faranti ba.

Akwai wani ɗan labari a littafin da masana halayyar ɗan Adam na Turai suka daɗe suna jawowa. Denham na ɗauke da littafin Kyaftin George Lyon, wani hafsan sojan ruwa da ya riga shi zuwa Fazzan ya buga hotunansa masu launi a 1821. Ya nuna wa wani mutum hotunan. Mutumin ya gane raƙumi, ya gane mutum da takobi da bindiga, amma hoton guguwar hamada ya riƙe shi a kife, ya ce duk ɗaya ne. Denham ya kawo labarin don nuna cewa mutumin bai iya karanta hoto ba. Bai lura ba cewa abin da ya faru da shi ke nan a Birni: ya gane doki da mashi da sulke, fadar kuwa ya riƙe ta a kife.

Farantin harin Musfaya yana buƙatar wata irin tuhuma daban. A Afrilu 1823 Denham ya nace sai ya bi Bu Khulum da Barka Gana zuwa Mandara. Sun sauka Mora, wadda ita ma ta sami hotonta, daga nan suka far wa wani garin Fulani. Samamen bayi ne, ko da wane suna aka kira shi. Mutanen garin suka tare su da kibau masu dafi, rundunar ta watse, Bu Khulum ya mutu, Denham kuwa aka tuɓe shi tsirara, da ƙyar ya sha. Wanda ke gudun ceton rai ba ya zane. Hoton da aka buga, mai hayaƙi da dawaki cikin tsari, daga tunani aka gina shi bayan ƙura ta lafa, bisa ƙa'idar hotunan yaƙi na Turai. Kayan Denham da aka kwashe a ranar sun yi tafiya har Sakkwato. Da Clapperton ya isa can a Maris 1824, Sarkin Musulmi Bello ya fito masa da littattafan Denham da kundin tafiyarsa, ya tambayi abin da ya kai abokinsa cikin masu kai hari, sannan ya mayar da su.

Wannan ya kawo zancen giɓin da ya fi shafar mai karatun Hausa. Denham da Clapperton ba sa ga maciji da juna, kamar yadda takardun da E. W. Bovill ya buga a 1966 suka fallasa, don haka suka raba hanya. Mai zanen ya tsaya Borno. Clapperton da Oudney suka nufi yamma, Oudney ya rasu a Murmur kusa da Katagum a Janairu 1824, Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya shiga Kano da Sakkwato shi kaɗai. Ya bar bayanin Bello zaune a kan ƙaramar darduma tsakanin ginshiƙai biyu na wani ɗaki mai jinka, amma littafin ba shi da hoton fuskar Bello. Sakamakon haka, ƙwaƙwalwar masu karatu ta cika da fadar Borno, daular Sakkwato kuwa, wadda ta fi ta faɗi a lokacin, ta zauna ba fuska. Rigimar hafsoshi biyu ce ta yanke wannan rabo. Abin da Sakkwato ta bayar a madadin hoto shi ne taswirar da aka zana a fadar Bello, mai nuna Kwara ta nufi gabas, wadda aka rage girmanta aka buga a littafin. A nan ne kawai hannun ɗan ƙasa ya shiga cikin farantan, kuma abin da ya zaɓa ya nuna ƙasa ce da koguna da hanyoyi.

Al'adar ba ta tsaya kan Denham ba, wanda ya rasu a Saliyo a 1828. Hafsan Faransa Parfait-Louis Monteil ya ratsa Sayi da Sakkwato da Kano, ya isa Kukawa a 1892, shekara guda kafin Rabe ya rushe ta. Hotunan littafinsa na 1895 aikin Édouard Riou ne, wanda tun a baya ya zana wa Jules Verne Afirkar ƙage ta labarin tafiya cikin balan-balan. Hannun da ya ƙaga wancan shi ne ya zana fadodin da Monteil ya gani.

Ga malami da ƙungiyar al'adu, amfanin farantan nan yana ƙaruwa ne idan aka daina kallonsu su kaɗai. A ajiye hoton barde kusa da lifidin da ke fadar Damagaram, a tambayi masu ɗinkinsa abin da mai zanen ya dace da abin da ya ɓata. A ajiye hoton rumfar Mai kusa da labarin Ibn Battuta, a bar ɗalibai su nemo wa rumfar sunan da ya fi keji dacewa. Dillalan tsofaffin hotuna a Turai sun daɗe suna yanke faranti daga irin waɗannan littattafai, wani lokaci su shafa musu launin da babu shi a asali, su sayar ɗai-ɗai cikin gilashi, rubutun da ke bayyana su ya tafi wani wuri. Masu buga littattafan makaranta kuma sukan datse gindin hoton don ya shiga shafi. A wannan gindin da ake datsewa ne ake samun ƙananan rubutu: sunan Manjo Denham da ya zana, sunan E. Finden da ya sassaƙa, da layin da ke cewa John Murray ne ya buga a Landan a 1826.